Raƙumin dawa ya dawo jihar Maraɗi: namun dajinmu, inda suke da yadda ake ganinsu

Ɗan makaranta a Maraɗi zai lissafa maka namun dajin Afirka ba gargada: zaki, giwa, damisa, ɓauna, karkanda, jakin dawa. Ya gan su a talabijin ko a wayar yayansa, suna kiwo a filayen Serengeti na Tanzaniya ko Masai Mara na Kenya. Ka tambaye shi wanne ne ke cikin jiharmu, sai ya yi zuru. Ko cikin manya ma kaɗan ne suka san cewa tun watan Nuwamba na 2018 akwai raƙuman dawa a gandun Gadabeji, arewa da Dakoro, kuma irinsu ba ya yawo a sake cikin daji a ko'ina a duniya sai a Nijar.

Masu kai baƙi kallon namun daji a gabashi da kudancin Afirka suna tallar abin da suke kira manya biyar: zaki, damisa, giwa, ɓauna da karkanda. Turawan da suka zo farauta a zamanin mulkin mallaka ne suka haɗa wannan jeri, na dabbobin da suka fi haɗari ga mai bin sawunsu a ƙasa da bindiga. Shi ya sa babu raƙumin dawa a ciki, babu dorina, babu jimina. Wanda ya auna dajinmu da wannan ma'auni zai raina shi a banza. Karkanda dai ta tafi: irin ta yammacin nahiyar, wadda ta yi saura a arewacin Kamaru, an bayyana ƙarewarta a 2011. Jakin dawa kuwa dama can ba ɗan dajin Afirka ta Yamma ba ne. Sauran huɗun suna nan a ƙasar Nijar, a kusurwar kudu maso yamma, ko da yake damisa ta yi wuyar gani ƙwarai.

Lokacin da Gulbi yake kurmi

Wanda ya bi hanyar Jiratawa yau, ya ga fangalan noman rani jere da zogale da albasa da tumatir, ba zai yarda cewa kwarin nan na Gulbin Maraɗi ya taɓa zama duhun daji ba. A ƙarni na 19 haka yake. Sarakunan Katsina da suka bar birninsu bayan jihadin Shehu Usmanu a Maraɗi suka sami mafaka, Gobirawa kuma suka kafa Tibiri a 1836. Kurmin Gulbi garkuwa ne a gare su, don doki ba ya sukuwa cikin sarƙaƙiya. Tsakanin waɗannan garuruwa da ƙasashen daular Sakkwato aka bar daji mai faɗi wanda ba mai iya kafa ƙauye a cikinsa saboda hari. Baturen Jamus ɗin nan Heinrich Barth ya ratsa irin wannan daji a watan Janairu na 1851, daga Gazawa zuwa Katsina, bayan ya sauko daga Abzin ta ƙasar da ya kwatanta da gidan raƙumin dawa da mariri.

Abin da zai ba mutum mamaki shi ne yaƙi ya tsare dajin, zaman lafiya ya cinye shi. Da hare-hare suka ƙare a farkon ƙarni na 20, mutane suka fito daga cikin ganuwa suka bazu, kowa ya sari gona. Gyaɗa ta zo ta mai da Maraɗi babbar kasuwa, aka ƙara sassabe. Bindiga da mota suka sauƙaƙa farauta fiye da yadda kwari da baka suka taɓa yi. Mahalban gargajiya suna da dokokinsu, suna da lokacin buɗin daji da lokacin da ba a shiga. Mai harbi daga bayan mota ba ruwansa da wannan. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 suka zo suka ƙarasa abin da ya rage.

Giwa ce ta ƙarshe cikin manyan da ta leƙo mu. Wajen tsakiyar shekarun 1980 wani garke ya ƙetaro daga Najeriya ya riƙa zama a dajin Babban Rafi, cikin yankin Madarunfa, har cikin shekarun 1990. Dattawan ƙauyukan wajen suna tuna su, kuma ba duka da daɗi ba. Babbar giwa tana cin abin da ya kai kilo 150 a yini, ta sha ruwa fiye da lita 100. Garke ya kwana ɗaya a gonar hatsi, mai gonar ya tashi ba shi da abin kai wa rumbu. Giwa kuma tana ɗaukar ciki wata 22, ɗa ɗaya take haifa, sai bayan shekaru ta sake. In ana kashewa, haihuwa ba ta cike gurbi. Yau ba giwa a Babban Rafi.

Dabbar da ta zauna da manoma

A farkon ƙarni na 20 raƙumin dawa irin namu yana ko'ina daga Senegal har tafkin Cadi. Tun kafin wannan ma da daɗewa yana nan: a Dabus, arewa da Agadas, akwai zanen raƙuman dawa da aka sassaƙa jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce, babban ya haura mita 5. Amma a 1996 da aka ƙidaya, 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, dukansu a wajen Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai. A shekarar ma an yi yunƙurin kama wasu don a kai wa shugabannin maƙwabta kyauta, da dama suka mutu wajen kamun.

Daga wannan 49 aka farfaɗo. Gwamnati ta tsananta hana kashe su, ƙungiyoyin kare raƙumin dawa irin su ASGN suka shiga ƙauyuka da rijiyoyi da ƙananan rance, samari suka zama ƴan rakiyar baƙi suna samun na cefane. Kafin 2018 sun haura 600. A shekarar ce ƙungiyar IUCN mai lura da halittun da ke cikin haɗari ta sauko da su daga matakin da ta sa su a 2008 zuwa wanda bai kai shi tsanani ba.

Abin lura a nan shi ne Kure ba gandu ne mai shinge ba. Gonaki ne da ƙauyuka da shanu da mata masu itace, raƙuman dawa na ratsawa tsakaninsu. Fasinjan da ya taso daga Maraɗi zuwa Yamai ta nan motarsa ke bi, kuma in da rabo yakan hango dogayen wuya sun ɗara itatuwa a gefen kwalta. Da damina suna hawa tudun da ke da geza da sabara. Da rani sai su gangara kwarin Dallol Boso saboda gawo, wanda kowane manomi ya san halinsa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar lokacin da sauran itatuwa suka bushe.

Ka tsaya kusa da wanda ke cin gawo ka ga aiki. Harshensa baƙi-baƙi ne, tsawonsa ya kusa rabin mita. Yakan naɗe reshe da shi ya ja, ya zage ganyen kamar yadda mace ke zage zogale, ƙayar ba ta dame shi ba. Namiji yakan haura mita 5, amma ƙasusuwan wuyansa bakwai ne, daidai da na mutum, kowanne dai dogo. In zai sha ruwa sai ya tale ƙafafun gaba ya sunkuya da ƙyar, ya ɗago da sauri ya duba, don a wannan hali ne ya fi rauni. Yana tafiya yana ɗaga ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya tare. Macen tana ɗaukar ciki wajen wata 15, a tsaye take haihuwa, ɗan ya faɗo ƙasa da tsawon kusan mita 1.8, kafin awa guda ya miƙe. Namu ya fi na Kenya hasken jiki. Zanensa ja-ja ne mai haske, ƙafafunsa daga gwiwa zuwa ƙasa kusan farare.

Me ya sa shi ya tsira a tsakanin manoma, zaki da giwa ba su tsira ba? A ganina amsar tana cikin abincinsa. Ba ya cin tunkiya, ba ya cin hatsi a kan kara, ba ya gasa da saniya wajen ciyawa, don kiwonsa yana sama inda bakin kowa ba ya kaiwa. Laifinsa wake da mangwaro, kuma manoman Kure suna kuka da shi a kan haka ba kaɗan ba. Amma ɓarnar da za a iya jurewa ce. A yankin kuma babu zaki ko kura mai yawa da za su kama ƴaƴansa. Abokan gabarsa yau su ne gatarin masu itace, motocin babbar hanya da gonar da ke cin daji kowace shekara.

Gadabeji

Tara ƙwai duka a kwando ɗaya ganganci ne: annoba ɗaya ko fari ɗaya na iya shafe garken Kure. Wannan ne dalilin da ya sa aka nemi gida na biyu, aka zaɓi Gadabeji. An keɓe wannan gandu tun 1955, faɗinsa hekta 76,000, a 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa shi da kewayensa cikin jerin wuraren da ake haɗa kare halittu da zaman mutane. Raƙumin dawa ya yi kusan shekara 50 rabonsa da wurin.

Ɗaukar irin wannan dabba ba wasa ba ne. Ana harbinta da allurar barci, da ta faɗi a yi maza a ba ta makari, don dogon kwanciya na iya kashe ta. A rufe mata ido, a ɗaure da igiyoyi, a tashe ta a ja ta cikin akwatin mota. Guda takwas aka kama, mata biyar maza uku, aka tsare su a shinge fiye da mako uku su saba, sannan aka ɗauke su huɗu-huɗu a babbar mota, tafiyar fiye da kilomita 800, kusan kwana biyu a hanya. Ma'aikatar muhalli ce ta yi aikin tare da ƙungiyoyin Giraffe Conservation Foundation da Sahara Conservation Fund. A watan Nuwamba na 2022 aka ƙara mata huɗu. Sun zauna, har sun haihu a can, wanda shi ne shaidar da ake jira.

Kada mai zuwa ya sa ran ganin abin da ke cikin fim. Gadabeji ƙasar makiyaya ce, ta Fulani da Abzinawa: tuddan rairayi, ciyawa, aduwa da kandili nan da can. Bayan raƙuman dawa akwai barewa, jan biri, dila, tuje, da manyan ungulaye da suka yi ƙaranci a wasu wurare. Kana iya yin awa biyu ba ka ga komai ba sai sawu da kashi, sannan barewa uku su zabura daga gindin itace su ɓace kafin ka ɗaga waya.

Dabbar da aka kafa gandun dominta ma babu ita. Mariri ne, farin nan mai jan wuya da dogayen ƙahoni da suka lanƙwasa baya, wanda Abzinawa ke yin garkuwa da fatarsa. A shekarar 2000 aka bayyana cewa ya ƙare a daji a duniya baki ɗaya. Da waɗanda aka ajiye a gidajen namun daji ne aka soma mai da shi Cadi a 2016, ya kuma yi yawa har aka cire shi daga wancan matsayi a ƙarshen 2023. Mena, wadda ƙungiyar ƙwallon ƙafarmu ta ƙasa ke ɗauke da sunanta, tana gab da bin sawunsa. Ƴan kaɗan suka rage a duwatsun Termit da na Abzin. Mutane da yawa suna yi wa Mena tafi ba su taɓa ganin ko hoton dabbar ba. Jimina mai jan wuya, tsuntsun da ya fi kowane girma, mai gudun kilomita 70 a awa, ita ma ta ɓace daga dajin Nijar, sai dai ana kiwonta a Kelle cikin jihar Damagaram da niyyar sake sakinta.

Manyan dawa

Mai son zaki da giwa da ɓauna sai ya nufi gandun W, wanda ya samo sunansa daga yadda kogin Kwara ya karkace a wurin. An kafa shi a 1954, ɓangaren Nijar hekta 220,000 ne, sauran yana cikin Benin da Burkina Faso. Ya shiga jerin kayan gadon duniya a 1996, a 2017 aka haɗa shi da gandun Arli da Panjari. Ƙofarsa ta Tapowa tana da kusan kilomita 150 kudu da Yamai. A nan ne garken giwaye mafi girma a Afirka ta Yamma yake, ga ɓauna, gwanki, kanki, mariya, gwambaza, mazo, gadu, gwaggon biri, kada da dorina.

Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna zakunan Afirka ta Yamma duka ba su wuce wajen 400 ba, a wurare huɗu kawai: Niokolo-Koba a Senegal, Kainji da Yankari a Najeriya, sai wannan gandu na ƙasashe uku, inda kusan kashi 90 cikin 100 suke. Zakinmu ba shi da cikar geza irin ta na Serengeti, wani namijin ma kusan ba geza, kuma dangantakarsa ta fi kusa da zakin Indiya. Yawancin yini barci yake, wani lokaci har awa 20, kuma mata ne suka fi yin farauta. Rurinsa ana jin sa daga nisan kilomita 8, don haka sau da yawa baƙo da kunne yake komawa gida da labarin zaki. Abin da ya fi kashe shi guba ce: ya kama saniya, mai saniya ya zuba wa mushen magani, zaki ya mutu, kura ta mutu, ungulu goma su bi su.

Kura kam an zalunce ta a tatsuniya. Mun mai da ita matsoraciya, wawiya, mai cin mushe, gardawa kuma suna yawo da ita kasuwa-kasuwa da takunkumi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A daji, kura mai dabbare-dabbare ita ke kama mafi yawan abin da take ci, macen ta fi namijin girma kuma ita ke mulkin garke. Sau da yawa zaki ne ke ƙwace mata nama.

Dorina ana ganinta a kogin Kwara, musamman wajen Ayoru. Da rana tana cikin ruwa sai ido da kunne, da dare ta fito kiwo. Masunta da manoman shinkafa sun san haɗarinta fiye da kowa. Ba a shiga tsakaninta da ruwa, ba a kusantar mai ɗa.

Abin da ke bakin ƙofa

Ba sai an yi nisa ba. Tafkin Madarunfa, wanda aka fi sani da ziyarar kaburburan waliyyai 99, wuri ne na tsuntsaye, kuma a 2019 ya shiga jerin dausayin da duniya ta amince da muhimmancinsu. Da sanyin hunturu tsuntsayen ruwa da suka ƙetaro hamada daga Turai suna sauka nan, su haɗu da kirinjijiya da balbela da sauran ƴan gida. Shamuwa da ke sheƙa a itatuwan Tibiri da ƙauyukan Gulbi in damina ta kusa, matafiyiya ce da ke yin rani a gabashi da kudancin Afirka, ta dawo ta ci mana fara. A gonaki har yanzu akwai zomo, kurege, bushiya, damo, guza da zabin daji. Sassaben zamani da aka soma a jihar nan a 1983, wato barin tsiron kututture ya girma a gona, ya maido da miliyoyin itatuwa a Maraɗi da Damagaram, kuma inda itace ya dawo tsuntsu da ƙananan dabbobi sukan biyo.

Mai son yara su ga zaki ido da ido ba tare da shiga daji ba, akwai gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai da gidan namun daji na Audu Baƙo a Kano. Yankari a jihar Bauci tana da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, kuma ga ɗan Maraɗi da ya saba da hanyar Ɗan Isa da Jibiya ba baƙuwar tafiya ba ce, in iyaka na buɗe.

Kafin a ɗaura niyya

Lokacin kallo shi ne rani, daga Disamba zuwa wajen Afrilu, sa'ad da ciyawa ta kwanta, dabbobi suka taru a bakin ruwan da ya rage. Da sassafe ko bayan la'asar ake fita. Da tsakar rana kowa yana inuwa. A sa tufafi marasa ƙyalli, a rage murya, a kashe waƙar waya. Raƙumin dawa yana barin mutum ya matso a ƙasa, amma shurinsa na iya kashe zaki, saboda haka inda ɗan rakiya ya ce a tsaya, a tsaya. Hanyar Gadabeji bayan Dakoro rairayi ne, sai mota mai ƙarfi da ruwa isasshe da wanda ya san wurin.

Maganar tsaro ba ta ɓoyuwa. Ranar 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da ɗan rakiya, abin da ya durƙusar da sana'ar kai baƙi a wurin. Gandun W ya zama maɓoyar masu ɗauke da makamai, dazukan kan iyaka a kudancin Madarunfa kuma suna fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane. Ba a tashi haka kawai a tafi. A fara zuwa ofishin ma'aikatar muhalli na jiha a Maraɗi, su ne za su faɗi inda ake shiga da inda ba a shiga a lokacin, su kuma haɗa mutum da ma'aikatan gandu.

Akwai kuma doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji a Nijar. A ƙarƙashinta raƙumin dawa, giwa, mena da jimina suna cikin waɗanda aka haramta taɓawa gaba ɗaya, sauran kuma sai da takardar izini da lokacin da aka buɗe. Dokar ta shafi kamawa da ajiyewa, ba harbi kaɗai ba. Ɗan barewar da ake kawo wa alhaji kyauta ya sake a tsakar gida, daga Gadabeji ko Termit aka ɗauko shi, sau da yawa bayan an kori uwar da mota ko babur har ta faɗi.